Hannuwan da Labarin Romiyo da Juliyet Ya Ratsa

Duk wanda ya yi lise ya san takardar nan mai gida biyu da ake ba mu idan an zo nazarin wasan kwaikwayo. A hagu a jera sunayen taurarin wasa, kowa da siffa ɗaya ko biyu a gabanshi: wane mai gaggawa, wance mai biyayya, wane mai zafin zuciya. A dama a jera adon harshe, kamance da siffantawa da kambamawa, kowane da misali guda. Ka hardace, ka zubar ranar jarrabawa, ka manta. Haka na yi wa Romiyo da Juliyet a Gaya, kuma na samu maki mai kyau alhali ko shafi goma na wasan ban karanta ba. Labarin dai na riga na san shi, don tun muna yara mun kalli Qayamat Se Qayamat Tak, fim ɗin 1988 na Aamir Khan da Juhi Chawla, inda ɗiyan gidaje biyu masu gaba suke son juna su mutu a ƙarshe. Sai da na zo jami'a na zauna da wasan kanshi, da kuma tarihinshi, na gane takardar nan ta ɓoye mani abin da ya fi komi daɗi. Taurarin ba daga sama suka faɗo ba. Kowane an ƙera shi ne hannu bayan hannu cikin shekara ɗari da ashirin, kuma in ba ka san yadda Shekspiya ya iske su ba, ba za ka ga abin da ya yi masu ba.

Mu ƴan Gaya bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. A da kaya na sauka Kwatano, su hau mota zuwa Malanbil, su ƙetare gada su zo mana, daga nan wasu su bi ta Kamba su shiga Najeriya, a hanya an sake buhu an sake suna. Labarin ma haka ya yi tafiya.

A 1476 aka buga tarin labaran Masuccio Salernitano a Italiya. A cikin na talatin da uku akwai masoya biyu a birnin Siyena, Mariotto da Ganozza. Wani malamin coci ya ɗaura masu aure a ɓoye, saurayin ya kashe mutum a faɗa ya gudu, ita kuma ta sha maganin da ke sa mutum ya yi kamar gawa don ta tsere wa auren dole. Inda ya gudu ɗin shi ya ba ni mamaki: Iskandariya ta Masar. Wato a tsohuwar siffar labarin, gudun hijirar a nahiyarmu aka yi shi. Ɗan saƙon da ya ɗauko wasiƙarta ya faɗa hannun ƴan fashin teku, Mariotto ya koma gida aka kama shi aka sare mishi kai, ita kuma baƙin ciki ya kashe ta. Babu gidaje biyu masu gaba, babu guba, babu wuƙa.

Luigi da Porto, wani soja ɗan Bicenza da aka raunata a yaƙi a 1511, shi ya maida labarin Berona ya raɗa wa masoyan sunayen da muka sani. An buga nashi wajen 1531, bayan ya rasu. Sunayen gidajen biyu kuwa, Montecchi da Cappelletti, sun riga sun fito cikin waƙar Dante ta farkon ƙarni na 14, amma can ƙungiyoyin siyasa ne, ɗaya ta Berona ɗaya ta Kiremona, ba maƙwabta ba ne masu hararar juna ta kan katanga. Matteo Bandello ya faɗaɗa labarin a 1554, Pierre Boaistuau ya maida shi Faransanci a 1559 yana sassake abin da ya ga dama, Arthur Brooke ya ɗauko na Faransancin ya rera shi da Ingilishi cikin doguwar waƙa mai layi sama da 3000 a 1562. Waƙar Brooke ce ke gaban Shekspiya lokacin da ya rubuta wasan wajen 1595. An fara buga shi a 1597, aka sake bugu mafi cika a 1599.

To me ya taɓa? Farko lokaci. A wajen Brooke labarin ya ci wata tara ko kusa, masoyan sun yi aure sun yi makonni suna haɗuwa da dare. Shekspiya ya matse duka cikin kwana huɗu da ƴan awoyi, daga safiyar Lahadi zuwa asubahin Alhamis. Sun haɗu Lahadi da dare, an ɗaura aure Litinin da rana, kafin la'asar ango ya kashe ɗan uwan amarya. Har mahaifin Juliyet ya sa bikinta da Faris ranar Alhamis, sai murna ta ɗebe shi ya jawo shi zuwa Laraba, kwana ɗayan nan kuwa ya rage wa shirin Fada Lorans lokacin da yake buƙata. Saboda haka idan takardarmu ta ce Romiyo mai gaggawa ne, gaskiya ta faɗa amma rabi. Kowa a wasan gaggawa yake yi, tsofaffin ma sun fi yaran. Gaggawar tana cikin zubin wasan kafin ta zama halin wani mutum guda.

Na biyu shekarun yarinyar, kuma nan nake son mu daɗe. A wajen Bandello tana da kusan 18. Brooke ya rage ta zuwa kusan 16. Shekspiya ya sake ragewa: ba ta cika 14 ba, saura mako biyu da ƴan kwanaki, kuma ya sa aka yi ta nanata lissafin a bakin uwar goyonta don kada mai kallo ya kuskure. Da na ɗauka ai haka ake aure a Ingila ta wancan zamani. Ashe ba haka ba ne. Rajistar coci-coci ta nuna yawancin matan Ingila na lokacin sai sun kai shekara ashirin da ƴan kai suke aure, da yawa wajen 25. Ɗiyan manyan gidaje ne akan yi wa baiko da wuri saboda dukiya da sarauta. Ke nan mutanen Landan da suka tsaya kallon wasan sun ji yarinyar ta yi ƙanƙanta. Shi kanshi Kafulet a farkon wasa ya ce wa Faris a dakata shekara biyu, yana mai nuna cewa haihuwa da wuri na lalata mace. Bayan kwana biyu mutumin nan ne ke barazanar korar ta titi in ba ta yarda ba.

A ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika 18, wannan fage ba tarihin Turai ba ne gare mu. Kusan kowa a cikin ƙungiyarmu na iya kiran sunan wata da suka yi firamare tare wadda ba ta dawo ba bayan hutu. Ni abin da ya fi tsaya mani shi ne Kafulet ba mugu ba ne irin na fim. Yana son ɗiyarshi, ita kaɗai ta rage mishi, kuma a ganinshi yana share mata hawayen rasuwar Taibalt ne da miji mai asali. Irin uban da muka sani ne, wanda ba ya jure a ce mishi a'a cikin gidanshi bayan ya riga ya ba da baki a waje.

Uwar fa? Littattafan taƙaitawa sukan ce mace ce mai sanyin zuciya, ba ta damu da ɗiyarta ba. Ina ganin Bahaushe zai karanta ta dabam, kuma wataƙila ya fi kusa da gaskiya. Da bakinta ta ce tana kusan shekarun Juliyet ta haife ta, wato ba ta wuce ashirin da bakwai ko da takwas ba, kuma Juliyet ɗiyar fari ce a wajenta. Dubi fagen da za ta fara yi mata maganar aure. Ta ce wa uwar goyo ta ba su wuri, kafin matar ta kai ƙofa ta sake kiranta ta dawo. Ba ta iya zama ita kaɗai da ɗiyarta a kan wannan magana. Mu mun san wannan, kunyar ɗan fari ce, inda uwa ba ta sakin jiki da ɗanta gaban mutane, sai wata inna ko kaka ta zama ita ce mai jin sirri. Ba na cewa Italiyawa ko Ingilishi na da al'adar kunya irin tamu. Abin da ya raba uwar da ɗiyar a can shi ne al'adar manyan gidaje ta ba da jariri ga mai shayarwa. Amma sakamakon ɗaya ne: wadda ta haifa dabam, wadda ta san yarinyar dabam.

Uwar goyon ita ce ta san komi. Ta shayar da Juliyet bayan tata ɗiyar, Suzan, tsararta, ta rasu. Ta tuna ranar yaye sarai, shekara goma sha ɗaya baya, ranar da aka yi girgizar ƙasa, ta shafa wa nononta ɗaci kamar yadda matanmu ke yi, iyayen kuwa suna can Mantuwa ba su ma nan. Maganarta doguwa ce, tana kewaye, tana maimaita barkwancin mijinta marigayi har sau uku, ana ce mata ta yi shiru ba ta ji. Wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa tana ba da labarin haihuwarshi ya san muryar. Saboda wannan kusancin ne cin amanarta ya fi na kowa zafi. Bayan uba ya gama zagi uwa ta juya baya, Juliyet ta waiwayo gare ta neman mafita, sai ta ce mata ta auri Faris kawai, Romiyo ai kamar matacce ne. Shawara ce irin ta wadda ta san duniya kuma take tsoron rasa wurin kwananta. Daga nan Juliyet ba ta sake gaya mata sirri ba.

Yanzu bari in ɗan sa rigar sashenmu. Ingilishin zamanin Shekspiya na da wakilin suna iri biyu na wanda ake magana da shi, thou da you, kusan yadda Faransanci ke da tu da vous, ko yadda muke ce wa babba ku maimakon kai. Na farko na kusanci ne ko na raini, na biyu na girmamawa ne ko na nesantawa. Ingilishin yau ya yar da na farkon, don haka ɗalibin Landan kan wuce wurin bai ji komi ba, mu kuwa da muka tashi da tu da vous kunnenmu a buɗe yake. Uwar goyo na kiran Juliyet da na kusanci. Uwarta, a maganar aure, da na nesa take mata magana, awa wadda ke karanta takardar ofis. A haɗuwar farko Juliyet ta riƙe na girmamawa ga Romiyo, amma cikin dare, tana magana ita kaɗai ba ta san yana ji ba, ta koma na kusanci. Fagen fushin Kafulet kuwa ana iya bin shi ta wakilan suna kaɗai. Ya shigo yana lallashinta da na kusanci. Da aka ce mishi ta ƙi, sai ya daina magana da ita ya koma magana a kanta, ita kaza ita kaza, tana nan gabanshi. Sai na nesa, sai na kusancin ya dawo amma yanzu na wulaƙanci ne, daga ƙarshe ya yanke hukunci da na nesa, kamar mai sallamar baƙo.

Mun gwada fassara wannan fage a zamanmu na ƙungiya, muka kwashe yamma guda muna gardama. Hausa na bambanta kai da ke, abin da Ingilishi bai yi, amma uba ba ya ce wa ɗiyarshi ku sai in gatse yake yi. Wata daga cikinmu ta ce to ai gatsen ake so, a bar shi ya ce mata ku je ku yi kiwo inda kuka ga dama, kowace ɗiya za ta ji sanyin abin har ƙashi. Wani ya ce a'a, Bahaushen uba in ya kai nan sunanta yake dainawa, ya koma yarinyar nan. Ba mu daidaita ba. Ibrahim Yaro Yahaya, da ya fassara wani wasan Shekspiya da sunan Daren Sha Biyu a 1971, dole ya sha irin wannan wahala shi kaɗai.

Adon harshen ma yana da tarihi, kuma yana aiki ne a matsayin hali. Romiyo na farkon wasa ba Juliyet yake so ba, wata Rozalin ce da ba a ma ganin ta tana magana. Kalamanshi a kanta cike suke da haɗa kishiyoyi, abu mai nauyi da marar nauyi, zafi da sanyi, lafiya da ciwo, a jere ba numfashi. Takardarmu ta kawo wannan a matsayin misalin gwaninta. Alhali salon Petrarch ne, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1374, wanda samarin Landan na shekarun 1590 suka kwaikwaya har ya gundure. Shekspiya tsokanar Romiyo yake yi, kamar yadda muke dariyar saurayin da ya kwafo wasiƙa daga littafin soyayya ya manta bai sake sunan budurwar ba. Da ya haɗu da Juliyet sai abin ya sake. Maganarsu ta farko, in ka ƙirga, layi 14 ne cif masu amsa-amo a tsarin waƙar da ake kira sonet: shi huɗu, ita huɗu tana amsa mishi da wasu kalmominshi, sauran su raba. Ya ɗan yi kama da tahamisi, inda mawaƙi ke gina baitinshi a jikin na wani, sai dai nan su biyun suna raye suna kallon juna. Kuma ita ce ke gyara mishi harshe daga baya. Ya tashi rantsuwa da wata ta hana shi, don wata ba ya zama a siffa ɗaya. Ita ta fara kawo maganar aure, ita ta tambayi wuri da lokaci. Yarinyar da aka rubuta mana mai biyayya ita ce mai kaifin hankali a cikin su biyun.

Markushiyo ba zan daɗe kanshi ba ko da yake shi na fi so. A wajen da Porto da Brooke baƙo ne kawai a wurin biki, wanda aka sani da sanyin hannu. Shekspiya ya mai da shi mai harshen damo, kowace kalma ya juya ta ta ba da ma'ana biyu, har yana mutuwa yana wasa da kalmar da ke nufin mutum mai natsuwa kuma take nufin kabari. Yana faɗuwa dariya ta ƙare a wasan. Kafin ya cika ya ja wa gidajen biyu annoba.

Annobar kuwa ta zo. Wasiƙar da Fada Lorans ya aika wa Romiyo a Mantuwa, tafiyar kilomita arba'in ko kusa, ba ta isa ba, don masu binciken gari sun kulle ɗan saƙon cikin wani gida da suke zargin cutar ta shiga. Masu nazari da yawa sun ce wannan rauni ne, wai bala'in ya rataya ga tsautsayi ba ga halin taurari ba. Mutanen Landan ba za su ce haka ba, don daga 1592 zuwa 1594 annoba ta rufe gidajen wasansu kusan gaba ɗaya, ana garƙame gida da mutanen cikinshi. Mu ma ba za mu ce haka ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, korona ta zo ta ƙara nata, bayan 26 ga Yulin 2023 kuma aka toshe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil, mutanen da ke da dangi a ƙetare suka koma bin jirgin kwale-kwale. Saƙo ya kasa kaiwa garin da kake hango fitilunshi da dare, saboda hukuncin da aka yanke can wani wuri, wannan ba dabarar marubucin da ya rasa mafita ba ce.

Ƙarshen wasan shi ya fi shan gyara. A wajen da Porto da Bandello, Juliyet na farkawa Romiyo bai cika ba, su yi bankwana, ita kuma ta riƙe numfashinta har ta mutu, mutuwar da ta fi kusa da ta Laila da Majnun da muka sani, inda baƙin ciki ke kisa. Boaistuau ne ya sa Romiyo ya mutu kafin ta buɗe ido, ya kuma ba ta wuƙa, Brooke da Shekspiya suka bi shi. Masu kallo ba su jure ba. Bayan 1660 an yi wani zubi da masoyan ke rayuwa, ana nuna shi yau gobe a nuna mai mutuwar. David Garrick a 1748 ya dawo da bankwanan cikin kabari, ya ƙara wa Juliyet shekaru, daga baya ya share son Rozalin, kuma nashi zubin ne ya riƙe dandali kusan shekara ɗari, har Charlotte Cushman, mace Ba'amurkiya mai fitowa a matsayin Romiyo, ta koma ga rubutun Shekspiya a 1845. Barandar nan ma da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a Berona, a ƙarshen shekarun 1930 aka liƙa ta a jikin gidan.

Namu marubutan sun zaɓi irin hanyar masu raya masoya. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, Sumayya ta faɗa rijiya don ƙin auren da aka tilasta mata, amma an ciro ta da rai, labarin ya ƙare da aure. Ga mai karatu Musulmi kisan kai ba abin da za a yi wa ado ba ne, kuma marubucin Kano ya san wa ke jiran shi a waje, tunda a 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a jihar. Brooke ma ya san masu jiran shi. A gabatarwarshi ta 1562 ya ce ya kawo labarin ne don a ga sakamakon bin sha'awa da ƙin jin maganar iyaye da shawara da tsofaffi masu tsegumi, kusan irin gabatarwar faɗakarwa da muke gani a farkon littattafan kasuwar Kano. Amma in ka shiga cikin waƙar sai ka iske tausayin masoyan yake ji tun daga farko har ƙarshe. Shekspiya ya jefar da gabatarwar wa'azin, ya sa wata sonet a madadinta wadda ta faɗi tun kafin a fara cewa yaran za su mutu, ta kuma ɗora abin a kan gabar iyaye. Dalilin gabar kuwa ba a faɗe shi ko sau ɗaya ba cikin wasan. A fagen ƙarshe tsofaffin biyu sun yi musabaha a bakin kabari, kowa na alkawarin zai sa a ƙera mutum-mutumin ɗan ɗayan da zinariya, kuma ko a nan ɗin, in ka saurara da kyau, kamar gasa suke yi.